Sawun kofato a kan Kufena

Ƙarfe bakwai na safe muka bar tashar Unguwa Uku, ni da 'yata Ummi, a cikin wata Sharon da aka danna mu kamar buhunan albasa. Hunturu ne, hazo ya rufe gonakin Kura har ba a hango ƙarshensu. Ni biki ne ya tashe ni, Kawu ƙanen mahaifiyata da ke Zariya zai yi wa ɗansa na uku aure. Ummi kuwa ba ruwanta da biki. Tana aji huɗu a firamare, an ba su labarin Sarauniya Amina a zangon da ya wuce, tun daga ranar ta ɗaura ɗamarar sai ta ga gidanta da idonta. Kafin mu kai Kwanar Ɗangora ta tambaye ni sau uku ko gidan bene ne. Na ce ta bari mu je, gani ya kori ji. A Tashar Yari direba ya tsaya muka sayi rake, na samu ta yi shiru na ɗan lokaci saboda baki ya samu aiki.

Da muka sauka a Kwangila na yi kuskuren ɗaga hannu ina kiran "mai adaidaita". Yaron ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Bakano ne ashe. To kuɗinka daban." Na ce ai ni rabi da rabi ne, uwata 'yar cikin birni ce. Ya ce to zai rage min rabin ƙarin. Haka muka yi ta yi har Tudun Wada, muka shige ta Ƙofar Doka. Wasan Kanawa da Zagezagi ba ya tsufa, ni kuma nawa ninki biyu ne, don 'ya'yan Kawu duka taubasaina ne.

Biyu daga cikinsu ne suka mayar da wannan tafiya abin rubutawa. Na farko Dakta, babban ɗan gidan, wanda ya daɗe yana aikin asibiti a jihar Florida ta Amurka, ba nisa da Orlando, ya zo bikin ƙanensa. Ta biyu Auta, tana ajin ƙarshe a sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ummi ce ta tono rigimar. Ana ta gaishe-gaishe a tsakar gida, Hajiya matar Kawu tana cewa "wannan yarinya ne mai wayo", ni kuma ina gyara mata "ce", sai muka ji ihu daga ɗakin Auta: "Abba, ga gidan Amina!"

Abin da ta gani wani ƙaramin gari ne a kan tebur, na kwali da tsinken tsire. An kewaye shi da ganuwa ta garin katako da aka kwaɓa da gam, itatuwan kuka na soso ne da aka tsoma a koren fenti, ga wani dunƙulen takarda mai launin toka a gefe, wai Dutsen Kufena ke nan. Aikin kammala karatun Auta ne, wurin shaƙatawa take zanawa, irin manyan nan na ƙasashen waje masu lilo da jiragen wasa, amma nata daga ƙofa har bayan gida labarin Amina ne. A bakin ƙofa za ka canza kuɗinka a ba ka wuri, da shi za ka yi ciniki a ciki. Masu tsaron wurin suna sanye da lifidi da sulke. Ba lemon kwalba, sai kunu da fura a ƙwarya. Babban lilon sukuwar dawaki ne zuwa yaƙi, akwai kuma kwalekwale da zai kai ka ƙasar Nupe.

Dakta ya leƙo, ya zagaye teburin sau ɗaya, ya ce, "Auta, kin kwafo wurin shaƙatawar kamfanin finafinai na Universal."

Ta ce, "Yaya, na kwafo abin da ya ci kasuwa."

Ba su samu sukunin ci gaba ba sai daren ɗaurin aure, bayan baƙi sun ragu. An ɗauke wuta, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka ɗora shayi a kan gawayi. A nan na fahimci ashe wannan musu ba a gidan Kawu aka fara shi ba. Masoya irin waɗannan wurare, 'yan gani-kashe-ni da ke sayen tikitin shekara, sun daɗe da rabuwa gida biyu a kansa. Wuraren dai ana yanka su ne unguwa-unguwa. Wasu suna son unguwar da aka gina a kan fim ɗaya ko littafi ɗaya, a bi shi sau da ƙafa. Wasu kuma sun fi son unguwa mai faffaɗan jigo, wadda za ta ɗauki labarai iri-iri ba tare da ta zama mallakar ɗayansu ba. Ni da nake koyar da adabin Hausa a sakandare, da na ji kalmar jigo sai na gyara zama.

Dakta ɗan tsohon tsari ne. Ya ce Disneyland da aka buɗe a Kalifoniya a 1955 ba a ce unguwa kaza ta fim kaza ce ba. Akwai Adventureland ta kurmi da koguna da ƙasashe masu nisa, akwai Frontierland ta zamanin kaboyi, Fantasyland ta tatsuniya, Tomorrowland ta abin da ake hasashen gobe za ta zo da shi. "Kamar babbar riga suke," in ji shi, "mai ƙiba da siriri kowa ya zura ta yi masa." Hujjar da ya fi taƙama da ita kwalekwalen 'yan fashin teku ne, Pirates of the Caribbean, da aka buɗe a 1967. Babu wani fim a bayansa a lokacin, maginan ne suka ƙirƙiro abinsu, fim ɗin bai zo ba sai 2003. Wato lilo ne ya haifi fim. Yanzu kuwa, a cewarsa, idan ba ka da fim da ya tara kuɗi, ko bulo ɗaya ba za a ajiye maka ba.

Auta ta bar shi ya gama, sannan ta ce shekara ɗaya kawai za ta kira: 2010. A shekarar ne Universal suka buɗe unguwar Harry Potter, yaron nan mai siddabaru na littafi da fim, a Orlando, mutane suka yi ta bin layi na awoyi, wasu ba don lilo ba ma, don kawai su shiga kanti su sayi sandar siddabaru. Daga nan Disney da kansu suka bi sahu: unguwar motoci masu magana, Cars Land, a 2012, ta Avatar a 2017, ta Star Wars a 2019 mai faɗin eka 14. "In tsohon tsarin ya wadatar, me ya sa masu shi suka saki layi?"

"Kuɗi," in ji Dakta.

"Kuɗin ai daga aljihun mutane ya fito, Yaya, kuma ba wanda aka ɗora wa bindiga."

Kawu, da muka ɗauka gyangyaɗi yake a kujerarsa, ya ce, "Wato unguwar bokaye aka gina, mutane na biyan kuɗi suna shiga?" Aka kwashe da dariya. Sai Hajiya ta ce ai ita ta shiga. Na manta cewa ta je Amurka wankan jego lokacin da matar Dakta ta haihu, kuma sun kai ta yawo. Shaidarta ce ta fi daɗi a daren. Ta ce lunguna ne matsattsu, gidaje a karkace kamar za su faɗo, ga wani dodo a saman gini yana fesa wuta, jikokinta suna ta tsalle suna kiran sunan kowane kanti kamar a nan aka yanke musu cibiya. Ita kuwa ko abu ɗaya ba ta gane ba. Ƙishirwa ta kama ta ta ce a ba ta Coca-Cola, aka ce ba a sayarwa a unguwar, tunda babu ita a labarin. Aka miƙo mata wani abu mai kumfa, Butterbeer, da ta ji fassarar sunan ta ce a kai kasuwa, duk da rantsuwar da Dakta ya yi mata cewa ba giya a ciki, kamar narkakkiyar alewar madara ce. "Ni dai," ta ce, "jirgin ruwan nan mai bene da muka hau a ɗaya wurin, shi ya fi min. Na zauna iska na kaɗa ni, ba wanda ya tambaye ni ko na karanta wani littafi."

Dakta ya ajiye kofi. Ya ce, "Hajiya, wannan kogin an rufe shi." A watan Yulin 2025 aka dakatar da jirgin a Magic Kingdom, wurin shaƙatawar Disney na Florida, kogin da ke nan tun buɗe wurin a 1971, za a gina unguwar motocin nan masu magana a gurbinsa. Hajiya ta riƙe haɓa, ta ce, "Kogi guda? Saboda mota?" Na ga alamar abin ya taɓa ta da gaske, kamar an ce mata an rushe gidan wata ƙawarta.

Da na ce Auta ta sha ƙasa, sai ta zaro wata wuƙar. Ta ce, "Yaya, babbar rigar nan taka, jikin wa aka auna aka ɗinka ta?" Adventureland ɗin da yake yabo, ai Afirka da Asiya da tsibiran teku aka zuba a tukunya ɗaya, yadda Bature na shekarun 1950 yake hango su daga nesa. A kwalekwalen kurmin nan, Jungle Cruise, shekara da shekaru mutum-mutumin baƙaƙe ne riƙe da masu suna rawa a bakin kogi, sai a 2021 aka cire su. Ta ce wanda ya ce zai ba da labarin kowa, sau tari kowa yake yi wa kallon kitse. Wanda ya tsaya a kan labari ɗaya kuwa dole ya san shi ciki da bai, har kalar kwanon da ake cin abinci. Dakta bai musa ba. Ya dai ce labari ɗaya yana tsufa. Unguwar ƙwari ta Disney a Kalifoniya, A Bug's Land, an buɗe ta a 2002, an rushe a 2018, aka kafa ta jaruman Avengers a wurin a 2021. Shekara 16 ke nan kacal. Ya ce ko masoyan ma ba a iya musu: unguwar Star Wars an kafa ta a wata sabuwar duniya da ba a saba gani a finafinan ba, suka yi ta ƙorafin ina tsofaffin jarumansu. Sannan ya kawo maganar da ta fi ci masa rai a matsayin uban yara uku, wato jirgin ƙasan da ya haɗa unguwannin Harry Potter biyu, wanda ba ka hawa sai ka sayi tikitin wurare biyu. Sabon wurin Universal da aka buɗe a watan Mayun 2025, Epic Universe, ya ce can ma abin ya kai ƙarshe, dandali ɗaya ne a tsakiya, sauran unguwanni huɗu kowace da ƙofarta guda, in ka shiga ka yi sallama da sauran.

Aka ce Malam ya raba gardama. Na ce ni ina bayan Dakta, kuma ba don ya kawo min turare ba. Abin da nake koya wa ɗalibai ke nan kullum, labari yana mutuwa, jigo ba ya mutuwa. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ta da mai ita, kowace kaka da yadda take juya ta, shi ya sa ta kai yau. Auta ta ce Bakano dama ina ya san darajar sarauniya. Muka tashi a haka.

Washegari muka fita zaga gari, ni da Dakta da Auta da Ummi. Dakta ya zama ɗan jagora, amma maimakon ya nuna mana Zariya, Amurka yake ta nuna mana a jikin Zariya. A bakin ganuwa ya ce Walt Disney ma tudun ƙasa ya sa aka tara ya kewaye Disneyland, don wanda ke ciki kada ya hango titi da motoci. Da muka doshi fada ya ce dubi yadda hanyoyi daga ƙofofi suke zubowa dandali ɗaya, haka aka dasa gidan sarautar tatsuniya a tsakiyar wurin don ya riƙa jan ƙafar mutane. Har dabarar magina ya ba mu, cewa a babban titin shiga ana ƙanƙanta benen sama fiye da na ƙasa, ido ya ɗauka ginin ya fi haka tsawo. Auta ta ce wannan a aji biyu aka koya musu.

Ƙofar fadar Zazzau ta sha ado, dagi da zane-zane kala-kala, dogarai da jajayen kaya suna zaune a inuwa. A dandalin suka sake taɓawa. Dakta ya ce Hawan Sallah shi ne faffaɗan jigo na asali, kowane hakimi da tawagarsa da kalar rawaninsa da makaɗansa, ga 'yan lifida, ga 'yan tauri, ga 'yan kallo daga ko'ina. Auta ta ce to duk wannan taron wa suke zuwa yi wa jafi, ba mutum ɗaya ba? Na ce wannan karon kunnen doki ne.

Wurin da muka yi shiru duka shi ne gefen Masallacin Juma'a. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina na asalin a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, da tubali da azara, ya ɗaura bakan gizo da ɗaliban gine-gine ke karantawa har a ƙasashen waje. A watan Agustan 2023 wani sashe ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Muka yi musu addu'a. Auta ta ce saboda hotunan cikin masallacin nan ta zaɓi karatunta. Dakta ya ce a Epcot, wani wurin Disney a Florida, inda aka jera rumfunan ƙasashe 11, tasa ita ce ta Maroko da aka buɗe a 1984, saboda Sarki Hassan na Biyu ya tura magina da masu aikin tayil daga ƙasarsa suka yi da hannunsu. Ba fim ko ɗaya a bayanta, amma kana shiga za ka san hannun gwani ya taɓa wurin. Ina jin a duk kwanakin nan wannan ce maganar da su biyun suka gyaɗa kai a kanta tare.

Daga nan muka kutsa lungu, muka faɗa wani zaure da ake ɗinkin hannu. Dattijo ne zaune ya miƙe ƙafa, ya ɗora wuyan babbar riga a gwiwa, tabarau ya zamo masa zuwa ƙarshen hanci. An riga an zana aska takwas da tambari a jikin shaddar da siririn layi, shi kuma yana bi da allura, ya soka, ya ja zaren har ya kai tsawon hannu, ya danne da babban yatsa, ya sake sokawa dab da inda ya fito. Fatar yatsan ta yi kanta kamar ƙirgi. Almajiransa biyu suna cike ƙananan gidaje a gefen aljihu. Na tambaye shi kwana nawa riga take ci, ya ce in ana so ta yi kyau a daina ƙirga kwana, a koma wata. Da an bar ni da na wuni a nan. Sai na ji ana jan rigata.

"Abba, yaushe za mu je gidan Amina?"

Dakta ne ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya, cewa gidan babu shi, shekaru sun yi yawa, sai dai ganuwa da ake dangantawa da ita. Muka koma da ita bakin ganuwar, inda ruwan sama ya zaizaye ta, 'yan acaɓa suka yi hanya ta kanta, awaki suna kiwo a gindi. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ce, "Wannan ai tudu ne." Idonta ya ciko. Fada da dogarai da masallaci da aska takwas, duk abin da ni ya cika min ciki, ita ko a jikinta. Suna ɗaya ta biyo tun daga Kano, kuma ba ta same shi ba. A nan na fara jin hukuncin da na yanke jiya da dare yana min ƙaiƙayi.

Auta ce ta ceci ranar. Ta ce mata, "Share hawayenki, mutanen Amina a kan dutse suka zauna kafin a gina nan, zo mu je." Ba ƙarya ta yi ba, riwaya ta nuna sarautar Zazzau ta taso daga Turunku, ta zauna a Kufena, kafin birnin da ya ɗauki sunan Zariya ƙanwar Amina. Da la'asar sakaliya muka bi ta Wusasa muka isa gindin dutsen. Yarinyar da ke cewa ƙafarta na ciwo in an aike ta kanti, ita ce a gaba, tana kama dutse da hannu bibbiyu. Ni da Dakta muna baya muna haki, shi yana ɗora laifin a kan tuwon biki. Daga sama hazo ya ɗan yaye, ana hango birni da rufin kwanonsa, da gonaki, wani ƙaramin jirgin 'yan koyon tuƙi yana kewaya sararin sama kamar shirwa.

Da numfashina ya dawo na yi wa Auta tambayar da ta tsaya min tun a zauren mai ɗinki, ganin yadda yake bin zanen da aka riga aka shata masa. Na ce, "Auta, ke wane zane za ki bi? Yaya fuskar Amina take?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Masu unguwar Harry Potter littafi 7 da fim 8 suke da su, an riga an faɗa musu sunan kowane kanti da abin da ke tagarsa. Mu abin da ke hannunmu bai cika shafi biyu ba. Littafin Tarihin Kano ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, ƙarni na 15, wasu malaman tarihi kuma suka ce ƙarni na 16 ne. Sai kirarinta na 'yar Bakwa, sai riwayar cewa a Atagara ta rasu. Hoton mace a kan doki da takobi da ke littattafan makaranta, mai zane ne ya ga dama. Auta ta ce abin da ke hana ta barci ke nan, kuma malamin da ke duba aikinta ma ya yi mata irin tambayar. Duk abin da ya rage sai ta ƙirƙira: ɗakin kwana, sunan doki, muryar da za ta yi magana a lilo. Dakta ya ce can marubuciyar Harry Potter tana raye, ana kai mata zane ta ce e ko a'a. "Ke wa za ki kai wa? Fada? Malaman tarihi na Samaru? 'Yan fim?"

Na ce abin da ya fi ba ni tsoro ba a ƙi zuwa ba ne, a zo ne. Yaro dubu ya shiga ɗakin da Auta ta zana ya fito, shi ke nan ɗakin Amina ya tabbata, malamin tarihi ya yi ta fama da alli. Unguwa mai faffaɗan jigo ba ta rantse maka cewa ga yadda aka yi ba, cewa take ga irin yadda ake yi. Ta labari ɗaya kuwa rantsuwa take, kuma in labarin na littafin ƙirƙira ne ba a cuci kowa ba. Amina ba ƙirƙira ba ce. Har yanzu ina bayan Dakta, amma dalilina ya canza, kuma na san da ba don sunan nan ɗaya ba da 'yata ba ta hau dutsen nan ba ko da kuɗi.

Auta ta ce ita dai ba za ta sauya aikinta ba, saura wata uku ta kare shi, in ya so ta kafa allo a bakin kowane ɗaki a rubuta wanne ne tarihi wanne ne nata. Dakta ya ce a duk yawonsa bai taɓa ganin yaro ya tsaya karanta allo ba.

Muna cikin haka Ummi ta ƙwala kira daga bayan wani falalen dutse. Muka ruga, ni gabana na faɗuwa ko maciji ne. Tana tsugune gaban wani ɗan kwarmi a jikin dutsen, zagayayye, mai santsi, faɗinsa bai wuce tafin hannuna biyu ba, busasshen ganye da ƙura sun taru a ciki. Ta share shi da gefen hijabinta.

"Anti Auta, sawun dokin Amina ne ko?"

Ni a ganina ramin niƙa ne na mutanen da, ko kuma ruwa ne ya ci wurin a hankali. Na buɗe baki, Dakta ya taka min ƙafa. Auta ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta ce, "Ke me kika gani?" Ummi ta ce kofato ne, ga ma inda ya dako da ƙarfi. Ta cire takalmi ta zura ƙafarta a ciki, ta ce a ɗauke ta hoto. Muka ɗauka har guda shida, don a na farko ta ce ba ta yi fuskar yaƙi ba.

Kwana biyu bayan haka muka kamo hanyar Kano, Hajiya ta cika mana jaka da cincin da dubulan na biki, Kawu ya ce in gaida Kanawa in ce musu har yanzu ilimi na nan inda suka bar shi. A mota muka zauna kusa da wata mata mai goyo. Ba mu kai Tashar Yari ba Ummi ta karɓi wayata ta buɗe mata hoton, ta zayyana mata komai, har da yadda dokin ya yi tsalle daga dutsen zuwa Nupe, wanda ni ma a lokacin na fara ji. Matar ta ce ikon Allah, ita haifaffiyar Tudun Wada ce, shekararta talatin da wani abu ba ta taɓa sani ba, lallai in an yi hutu za ta kai yaranta. Ta tambayi ta wane gefe ake hawa, Ummi ta kwatanta mata tiryan-tiryan. Sannan matar ta leƙo ta kan yarinyar ta ce, "Malam, haka ne?"

Na ce mata ramin dai yana nan a jikin dutsen, ni ma na gan shi.